Karen da Ya Daina Haushi

An yi wani kare a wani lambu da ke bakin fadama, ana ce masa Ɗan Toka saboda launin gashinsa. Ba babba ba ne, kuma in za a faɗi gaskiya ba kyakkyawa ba ne. Kunnensa ɗaya a tsaye yake, ɗayan a kwance. Halinsa guda ne: in ya so mutum, ya so shi ke nan, bai iya ragewa ba.

A lambun nan akwai wani tsohon Jaki mai taurin kai, wanda ba ya magana sai ta kama, in kuwa ya yi ba ya sa mata suga. Akwai kuma Biri, wanda ya taɓa zaman birni a hannun wani mai wasa da birai, har aka taɓa sa masa 'yar riga da hula. Tun daga lokacin yake ganin duk fadamar babu kamarsa.

Mai lambun wani dattijo ne, Baba Nomau. Shi ya tsinci Ɗan Toka yana ɗan kwikwiyo. In zai kira shi, yakan ja ƙarshen sunan a hankali kamar mai rarrashin jariri, kuma duk inda karen yake sai ya taho da gudu, wutsiya na neman tsinkewa.

Ana nan sai idon Baba Nomau ya fara dushewa, har ya kai ba ya bambanta tumatir ja da kore. 'Yarsa ta zo da mota ta tafi da shi gidanta a cikin gari. Lambu kuma aka bar wa Shekarau, ɗan ƙanwarsa.

Ɗan Toka ya bi motar nan da gudu har bakin titi, inda ta sha kwana ta ɓace. A nan ya zauna. Daga ranar kuwa, da zarar rana ta karkata, sai ya fice ta ƙasan shinge ya je ya zauna a wurin, yana duban kowace mota.

Wani yammaci ya dawo yana haki, ya ce wa Jaki, "Tsoho, yau na ga irin wadda ta ɗauke shi. Har ta rage gudu."

Jaki ya ce, "Motar kaji ce. Rami ta kauce wa."

"To ai gobe ma rana ce."

"Haka ne. Amma ka ci abinci, haƙarƙarinka duk ya fito."

Biri yana saman gwaba yana jin su. Ya ce, "Ku dubi sakarai. Mutum ya tafi birni, yana can yana shan shayi da burodi, shi kuma yana nan yana gadin titi. Ni da na zauna a birni na sani, wanda ya shiga ba ya waiwayen ƙauye."

Ɗan Toka ya ɗaga kai, ya ga Biri da ɗanyar gwaba a hannu. Sai ya sa haushi, don aikinsa ke nan. Biri ya yar da gwabar yana tsaki.

Shi Shekarau ba mugu ba ne, yarana, gajen haƙuri gare shi, ga aiki ya yi masa yawa. Ya ja ruwa, ya yi shuka, ya kori awaki, sa'an nan ya ɗaga murya ya kira kare, kare yana can bakin titi. Ya kira ya kira har muryarsa ta dushe. Abin ya riƙa cin sa.

Ran kasuwa ya kai kukansa wurin wani mai sayar da tarkacen lantarki. Mutumin ya zaro masa wani baƙin abin wuya mai ɗan akwati a jiki, da ɗan rimot irin na talabijin. Ya ce masa da wannan ake horar da karnuka yanzu, in ka danna sai wuta ta ja shi, ba bulala ba gumi.

Da Shekarau ya dawo ya ɗaura wa Ɗan Toka abin nan, har murna karen ya yi. An daɗe rabon da hannu ya taɓa wuyansa.

Da yamma ta yi ya nufi shinge kamar kullum. Shekarau ya ce, "Ɗan Toka." Karen ya waiwayo. Shekarau ya danna.

Ji ya yi kamar an fasa gidan rina a cikin maƙogwaronsa. Ya yi tsalle, ya faɗi, ya dubi hagu ya dubi dama don ya ga abin da ya cije shi, bai ga kowa ba. Abin da ya sani kawai shi ne an kira sunansa, ya juyo, sai azaba ta zo.

Washegari haka, jibi ma haka. Suna, sai wuta. Suna, sai wuta.

Duk wannan a kan idon Biri. Ya kuma lura cewa in Shekarau zai tafi gida cin abincin rana, a jikin ƙusa yake rataye rimot ɗin cikin bukka. To, shi Biri Allah ya ba shi yatsu.

Shekarau na ba da baya, Biri ya shiga bukka, ya fito da abin a rataye a wuyansa, yana tafiya yana wani karkata kafaɗa.

Ya ce, "Daga yau Malam Biri za ku riƙa ce min. Ni zan ƙarasa wa wannan karen tarbiyya."

Jaki ya ce, "Mai da abin mutane inda ka ɗauko shi."

"Kai me ka sani ban da dako? Horo sai da zafi. Ni da bulala aka koya min rawa, har kasuwa ake taruwa kallona."

"To tun da ka zo lambun nan ban taɓa ganin ka yi rawar ba."

Biri ya sosa wani tabo a bayansa. Sa'an nan ya ce, "Ba na rawa a gaban jakuna." Ya haye gwaba.

Ɗan Toka ya buɗe baki ya yi haushi sau ɗaya. Biri ya danna. Ya sake gwadawa, Biri ya sake dannawa, yana dariya da gwaba cike da baki.

Ba a daɗe ba lambu ya yi tsit. In haushi ya taso wa Ɗan Toka daga ciki, sai ya haɗiye shi a maƙogwaro kamar mai haɗiyar ƙashi. Ya daina zuwa titi. Sai dai ya kwanta a gindin shinge, hancinsa a cikin wata 'yar kafa, yana shaƙar iskar da ke tahowa daga can. In kuwa wani ya ambaci sunansa, ko da wasa, sai ya baje a ƙasa, ya runtse ido, wani lokacin har fitsari ya kuɓuce masa.

Awaki suka gane, suka riƙa shigowa suna cin latas a gabansa. Shekarau bai san abin da Biri yake yi a bayan idonsa ba. Ya tsaya yana duban ɓarnar, ya ce, "Wannan kare ya gama lalacewa. Ba ya zuwa in an kira, ba ya gadi. Masu sayen karnuka zan ba wa, kowa ya huta."

Masu sayen karnukan nan kuwa, da keji suke zuwa kasuwa, kuma duk karen da ya shiga kejin ba a sake ganinsa.

Jaki bai ɓoye wa Ɗan Toka ba. Ya matso iyakar igiyarsa ya gaya masa yadda ya ji.

Ɗan Toka ya ɗago kai. Can ya ce da 'yar murya, "To in Baba ya dawo bai same ni ba fa? Wa zai gaya masa ban gudu ba?"

Jaki ya ce, "Kai ana maganar ranka, kana maganar saƙo."

"Ai shi ne abin da ke damuna, Tsoho."

Jaki ya juya kai ya dubi wani wuri.

To, a bayan fadamar nan akwai wani dutse da manyan birai suke zama, irin masu dogon baki da faɗin ƙirji. Abin da ya hana su lambun Baba Nomau tun da can shi ne haushin kare, don in kare ya yi haushi mutane na fitowa da sanduna. Da suka ji shiru ya yi yawa, sai wata rana da tsakar rana, Shekarau ya tafi gida, suka gangaro gaba ɗayansu.

Malam Biri yana kan mangwaro, ciki ya yi tim, yana gyangyaɗi. Ya buɗe ido ya ga shinge ya kwanta.

Ya gyara zama, ya ce, "Sannunku da zuwa, 'yan uwa. Ni ne mai kula da wurin nan. In kuna son wani abu, sai ku bi layi ku roƙa, haka ake yi a birni."

Babbansu ya matso. Ya miƙa hannu ya fizgo shi ta wutsiya, ya buga da ƙasa.

Nan fa Malam ya manta da malanta. "Ɗan Toka, yi haushi! Ɗan Toka, kira mutane!"

Ɗan Toka ya ji sunansa. Ya baje a ƙasa ya runtse ido, yadda aka koya masa.

Biri ya shiga danna rimot da hannu biyu, wai ko wuta za ta sa ya yi haushi. Karen ya yi ta murƙususu a cikin turɓaya, ko uffan bai iya fitarwa ba. Babban biri ya ƙwace abin, ya sa a baki ya ga ko ana ci, ya ji ba daɗi, ya tauna shi ya tofar. Sa'an nan suka yi wa Malam Biri dukan da bai taɓa sha ba ko a hannun mai bulala. Suka yage masa kunne, suka gutsure masa rabin wutsiya.

Jaki ne ya yi ta kuka yana fizgar igiya har Shekarau ya jiyo daga gida. Kafin ya iso, an karya rake, an tattake tumatir, mangwaro ko na rantsuwa babu. Ya tarar da Biri kwance da igiyar rimot a wuyansa da guntayen roba kewaye da shi. Ya ɗauki sanda ya kore shi har bayan shinge, ya ce in ya sake ganinsa a lambun nan sai ya ƙarasa abin da 'yan uwansa suka fara.

Amma fushinsa bai sauka daga kan kare ba. Ya dube shi ya ce, "Kana kwance aka yi min wannan. Gobe kasuwa."

Da safe ya ɗora wa Jaki 'yar albasar da ta tsira, ya sa wa Ɗan Toka igiya, suka kama hanyar gari. Da suka zo bakin titi inda yake zama, karen ya ɗan tsaya. Shekarau ya ja igiya.

Jaki ya ce wa karen ƙasa-ƙasa, "Ka biyo ni kawai. Na taɓa kai wa 'yar Baba itace. Ni ban iya manta hanya ba."

Suna shiga gari, kasuwa tana dama, Jaki ya yi hagu. Shekarau ya ja, Jaki ya ja. Ya tsawata, ya buga masa kara, Jaki bai ko kaɗa kunne ba. Ya bi lungu ya bi lungu har ƙofar wani gida mai zaure, ya kafe ƙafafunsa huɗu, ya wangale baki ya saki kuka.

Shekarau ya gane gidan. Da ma kunyar zuwa yake ji saboda yadda lambu ya koma.

Daga cikin zaure wata murya ta ce, "Wannan ai kukan jakina ne. Wane ne a nan?"

"Ni ne, Kawu."

"Shekarau? Shigo mana. Kai da wa? Ina jin numfashin wani abu."

"Kare ne, Kawu. Kasuwa zan kai shi."

Baba Nomau yana zaune a kan tabarma, ya rame, idanunsa sun yi fari. Ɗan Toka ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙamshin nan ne, na taba da man shanu da ƙasar fadama. Duk yammacin da ya yi a bakin titi, wannan yake jira.

Tsohon ya miƙa hannuwa biyu, ya ja sunan a hankali yadda ya saba. "Ɗan Toka."

Zuciyar karen ta ruga wurin tsohon, amma jikinsa ya ƙi. Ya baje a ƙasa, ya runtse ido, yana jiran wuta.

Baba Nomau ya jira bai ji an taho ba. Sai ya rarrafo da gwiwa yana laluben ƙasa har hannunsa ya taɓa kunnen nan da ke kwance. Ya shafa kai, ya gangaro wuya, yatsunsa suka ci karo da ɗan akwati. A ƙarƙashinsa gashi ya zube, fata ta yi gyambo.

"Mene ne wannan?"

Shekarau ya yi masa bayani, yana yi yana inda-inda.

"Ka taɓa ɗaura shi a wuyanka ka ji?"

"A'a, Kawu."

"To cire."

Ya cire. Tsohon ya ɗora tafin hannunsa a gefen gyambon, bai ƙara kiran sunan ba. Can sai wutsiya ta buga ƙasa sau ɗaya. Can kuma sai karen ya ja ciki ya tura kansa cikin rigar tsohon, yana wani ɗan kuka siriri.

Shekarau ya ce, "Wallahi Kawu ba ya jin magana. Kullum yana bakin titi."

"Yana bakin titi yana me?"

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen Shekarau.

"Lokacin da mahaifiyarka ta rasu, kana ɗan ƙarami, a bakin ƙofa kake wuni. A kira ka cin tuwo ka ƙi. Wa ya doke ka?"

"Ba kowa."

"Ni nake zuwa in zauna kusa da kai har ka gaji mu shiga tare. Ka manta ne kawai."

Shekarau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To yanzu ya zan yi? Ko sunansa ba ya so ya ji."

Baba Nomau ya ce ya fara kai shi wurin malamin dabbobi da ke bayan kasuwa a wanke gyambon. In sun koma lambu, kada ya kira shi. Ya samu ƙanzo ya jiƙa, ya zauna a ƙasa, ya ba shi gefe, kada ya zuba masa ido. In karen ya zo da kansa ya fara ci, a lokacin ne zai ambaci sunan, a hankali, kamar ba da shi yake ba. Kuma ko wane irin laifi ya yi, kada a sake haɗa sunansa da faɗa.

"Har yaushe, Kawu?"

"Har ya yarda. Ba kai za ka sa rana ba."

Sa'an nan tsohon ya tuɓe tsohuwar taguwar da ke jikinsa ya miƙa. "Shimfiɗa masa a bukka. Kuma ran kasuwa ka riƙa biyowa da shi. Ai ba shi kaɗai ke zaman jira ba."

Da lokacin tafiya ya yi, Ɗan Toka ya ƙi tashi. Gidan ba na Baba ba ne, ba kuma wurin ajiye kare. Sai da tsohon ya rako su har ƙofa yana dafa bango, ya tsaya a nan. Karen yana tafiya yana waiwaye har suka sha kwana.

A hanya ya ce wa Jaki, "Ya san ban gudu ba."

Jaki ya ce, "Ya sani. Ni kuma bayana ya san kara."

Abin bai zo da sauƙi ba, kada in yi muku ƙarya. Shekarau ya zauna a ƙasa da ƙanzo har ƙafarsa ta yi sanyi, karen yana nesa yana kallon hannunsa, wancan hannun da ke dannawa. Wata rana haƙurinsa ya ƙare ya tashi yana ƙunƙuni. Washegari ya dawo ya sake zama.

Biri kuwa ya koma kan wata tsamiya a bayan shinge, ba gwaba ba mangwaro, sai tsamiya mai kashe haƙori. Yakan leƙo ya ce, "Ɓata lokaci kuke. Ba wuta ba horo."

Jaki ya ce, "Malam, ƙuda na bin kunnenka."

A hankali Ɗan Toka ya fara matsowa. Ya ci ya gudu. Ya ci ya tsaya. Ranar da Shekarau ya fara ambatar sunan, ƙanzon ya faɗo daga bakinsa, ya daskare. Shekarau bai motsa ba. Karen ya jira, ya jira, sa'an nan ya sunkuya ya ɗauki abinsa.

Amma murya ba ta dawo ba. Gyambo ya warke, gashi ya fara tsirowa, lambu yana nan tsit.

Sai wata safiya Shekarau ya makara. Rana ta ɗaga bai zo ba. Ɗan Toka ya tashi daga kan taguwar, ya je ƙofar lambu, ya dawo, ya sake komawa. Bai san ma yana jiran mutumin ba sai da ya hango shi tafe da fartanya a kafaɗa.

Kafin ya ankara, abin ya kuɓuce masa. Haushi guda, a shaƙe, kamar tarin tsoho.

Nan take ya baje a ƙasa ya runtse ido.

Shekarau ya tsaya cak. Ya sauke fartanyar a hankali don kada ta yi ƙara, ya tsuguna a inda yake.

Ɗan Toka ya jira wuta. Iska ta kaɗa ganyen rake. Wata kurciya ta yi kuka. Wuyansa bai ji komai ba.

Ya buɗe ido ɗaya. Ya miƙe. Ya sake yin haushi, ya saurara. Sa'an nan ya yi ta yi, ya yi ta yi, yana zagaya Shekarau, har Jaki ya ce, "To, ya isa haka. Mun ji."

Darasin wannan labari shi ne, azaba tana iya sa dabba ta yi shiru, amma ba ta koya mata komai sai tsoro, kuma wanda ya toshe bakin mai gadi don cikinsa, ranar da zai nemi a cece shi ba zai ji murya ba. In dabbarku ta ƙi jin magana, yarana, ku fara tambayar abin da ke damunta, ku nemi wanda ya san ta ko ya san aikin, mai sanyin hannu. Duk wanda ya miƙo muku abin da shi kansa ba zai yarda a ɗaura masa a wuya ba, ku mayar masa da kayansa.